Dashe a Garkar Zahara'u

Aikin da Zahara'u ta samu a Abijan na shekara uku ne, shimfiɗa bututun ban ruwa a gonakin ayaba na wani kamfani. Ta sa hannu a kwantiragin a Maradi, ta shiga mota ta koma Madarunfa. Abu biyu suka rage mata kafin tafiya, takardar ƙaura da garka.

Maganar takardar daga kwantabul ɗin kamfanin ta fito, mai lissafin albashin ma'aikata. Ya kira ta a salula ya yi bayani a gaggauce, da muryar wanda ya gaji da maimaita abu ɗaya. A can za a riƙa yanke lanho, wato haraji, daga albashinta. Idan ba ta so nan gida ma a neme ta da harajin albashin, ta karɓo takarda daga meri, ofishin magajin gari, mai nuna cewa ta bar garin da zama. Idan kuma tana da abin da ke kawo mata kuɗi a gida, gidan haya ko shago, ta faɗa tun yanzu, don zai ƙara mata zirga-zirga a ƙasashen biyu.

"Garka nake da ita," in ji Zahara'u.

"Ki sayar. Ko ki ba wani ya riƙe miki, amma kada ki karɓi haya. Ya fi sauƙi."

"Ba ta sayarwa ba ce."

"Wannan kuma tsakaninki da ita," in ji shi, ya kashe.

Garkar tana bakin tabki, inda ƙasa take baƙa kuma ruwa bai yi nisa ba ko da bazara. Gadon ubanta ce. Da aka yi rabo, yayyenta maza suka ɗauki gonakin jigawa masu faɗi, suka bar mata wannan saboda ƙanƙantarta. Ba ta yi gardama ba. Ta yi shekaru a Maroko tana karatun ruwa, ta san darajar ƙasar da ba ta jiran damina. Da ta dawo ta sa aka haƙa rijiya, ta sayi motopom, injin jan ruwa, ta riƙa fitar da albasa da tumatir da tattasai. Itace kam ba ta taɓa dasawa ba, don albasa ba ta son inuwa.

Sakataren meri, Mushe Al'amin, kamar yadda ake kiran ma'aikata da Faransanci, ya san ta tun tana lakwal, makarantar boko. Ya saurare ta, ya ɗauko hatimi, ya riƙe shi bai buga ba.

"Takardar ba wuya. Amma kin san in na buga, sai an cire sunanki daga katin gidanku wajen mai unguwa. Ba ki ƙara biyan bodo."

"Na sani."

"Wasu murna suke da hakan. Ke ban ga alama ba."

"Buga dai, Mushe."

Bodo ba wani kuɗi ba ne mai yawa, harajin kai ne da manya ke biya duk shekara ta hannun mai unguwa. Amma idan gardamar ƙasa ta tashi, abin da dattawa ke fara tambaya shi ne ko mutum yana biya a garin. Wanda sunansa ya fita daga kati, ana cewa ya tashi, kuma maganarsa a kan ƙasa ba ta kai ta mazauni nauyi ba. Zahara'u ta auna wannan tun a hanya. Biyan haraji sau biyu a albashi ɗaya ba abin da za ta ɗauka ba ne. Ta ninke takardar ta sa a jaka.

Labari ya riga ta isa gida. Ta tarar da Kawu Sama'ila, yayan innarta, zaune a kan tabarma a tsakar gida, Inna Balaraba ta aje masa fura. Zahara'u ta tuɓe takalmi ta durƙusa.

"Kawu, ina wuni."

"Lahiya lau, ɗiyata. An ce Abijan?"

"In Allah ya yarda."

"Allah shi sa a dace. To garka hwa? Kin ga yayyenki ba su gari, innarki kuwa ba ta iya jan igiyar motopom."

"Ina da niyyar in ba Sule aro."

Gaskiya ta faɗa. Sule ɗan Kawu ne, taubashinta, kuma ba ta san manomin da ya fi shi hannu a bakin tabkin nan ba. Shekaru yana yi wa wasu aiki a garkokinsu don ba shi da tasa. Idan ya riƙe, ƙasar ba za ta lalace ba.

Kawu ya gyaɗa kai kamar wanda aka riga faɗin abin da ya zo da shi. "Madalla. Abin da munka yi tunani ke nan. Haya kuma?"

"Ba haya. Mutanen aikin sun ce kada in karɓa."

"Ka ji masu hankali. Dama mi ya kawo haya tsakanin jini? Ko kwandon albasan da mai aro ke kai ma mai gona in an yi girbi, wannan na bare ne. Mu nan ba shi da wuri."

Kwandon nan ba don albasar ake kai shi ba. Ana ratsa gari da shi a ka, kowa ya gani, kowa ya tuna gonar wa ce. Zahara'u ta dubi Inna. Inna tana duban ƙwaryar fura.

"Kawu, akwai kwamitin filaye. Suna rubuta takardar aro, kowa ya sa hannu. Ba ta ɗaukar lokaci."

Kawu ya aje ludayi. Bai ɗaga murya ba.

"Ni na yanka ragon sunanki, ubanki yana Kantin Kwari a Kano bai samu dawowa ba. Yau in tahi biron kwamiti in dangwala yatsa don kada in ci miki ƙasa?"

"Ba haka nake nuhi ba."

"To a bar ta."

Aka bar ta. Da ya fita, Inna ta kwashe ƙwarya, ta tsaya da ita a hannu.

"Ke tahiya za ki yi. Ni ce zan zauna da shi, biki ɗaya, zaman makoki ɗaya. Kada ki kunna mini wuta ki hau mota."

"Na ji, Inna."

Washegari da safe Zahara'u ta sauka garka don ta nuna wa Sule yadda ake kula da motopom. Tun daga nesa ta hango amalanke a bakin shinge, jaki yana cin ciyawa. Amalanken cike yake da dashen mangwaro a baƙaƙen leda, irin mai aure wanda ke saurin haihuwa. Sule yana ciki da galma, ya riga ya haƙa ramuka a jere a gefen da ke kallon tabki.

"A'a, baiwata ta iso," in ji shi, yana share zufa. "Madam injiniya. Ki tsaya nan kada laka ta ɓata miki takalmin Abijan."

"Bawa ba ya gaida uwargijiyarsa da galma a hannu. Mene ne wannan?"

"Idonki ya mutu a karatu? Mangwaro ne. Jiya Baba ya tahi Jiratawa da kanshi ya zaɓo. Ya ce garka ba inuwa kamar gidan gwauro take."

"Wa zai dasa?"

"Wa kike gani da galma? In kin dawo kin iske inuwa, sai ki nemi izni in bar ki ki zauna. Ba ni hana ki, ina da tausayin bayi."

Ya yi dariya. Ita ma ta yi, don haka wasan yake. Tsakanin taubasai ba abin da ba a faɗa, kuma ba abin da ake riƙewa. Ta dube shi da kyau ba ta iya gane ko ya san abin da yake yi ba. Wataƙila ya sani. Wataƙila Kawu ne kaɗai ya sani. Wataƙila su duka biyun sun gaya wa kansu inuwa suke nema mata. Bambancin bai dame ta ba, don sakamakon ɗaya ne.

A wannan ƙasa mai aro yana shuka abin da zai girbe cikin shekara, gero, wake, albasa. Itace mai gona ke dasawa. Idan shekaru suka wuce gardama ta tashi, dattawa sukan taka har gonar, su tsaya a gindin itace su tambayi maƙwabta wa ya dasa. Sunanta ya fita daga kati. Kwando ba za a kai ba. Takarda an hana. Idan Sule ya sa waɗannan a ƙasa da hannunsa, bayan shekara uku za ta dawo ta tarar da garka mai shaidu da yawa, kuma duk ba nata ba.

Idan ta ce masa kada ya dasa, zai mai da shi wasa ya dasa bayan ta juya baya. Idan ta je ta gaya wa Kawu kai tsaye, ta kira shi ɓarawo ke nan, kuma Inna ce za ta biya.

Ta taka zuwa ramukan, ta tsuguna, ta zura hannu a ɗaya.

"Wa ya koya maka haƙa ramin mangwaro?"

"To, an fara."

"Sun yi kusa da juna. Nan da 'yan shekaru rassan za su haɗe, su yi ta ganye ba 'ya'ya. Kuma ba zurhi. Ka faɗaɗa, ka zuba taki, ka ba shi ruwa ya kwanta. In ka sa dashe yau a wannan, zafin takin zai ƙone saiwar."

Wannan ma gaskiya ce, kuma Sule ya sani. Ya sosa ƙeya.

"Sai yaushe ke nan?"

"Bayan Juma'a. Ka sauke su ƙarƙashin zana, ka riƙa yayyafa musu ruwa. Zo in auna maka."

Suka wuni suna aiki. Ta ja igiya ta kafa turaku, shi yana haƙa yana mita. Ta tura jeren can bakin shinge inda inuwar ba za ta faɗa wa fangalin albasa ba. Ya ce ba a taɓa yin bawan da ya wahalar da ubangidansa kamar ita ba. Ta ce ya yi shiru ya yi aiki, ko ta sayar da shi a kasuwar Ɗan Isa ta sayi akuya.

Da la'asar ta biya gidan Sule. Matarsa Maryama tana tankaɗen garin ƙuli, don kwaɗon zogale take sayarwa a bakin tasha. Mace ce mai kazar-kazar, wadda ba ta barin dala ta wuce ta gabanta ba ta tambayi inda za ta ba.

"Yaya Zahara, an ce za ki bar mu."

"Ba da daɗewa ba. Aiki na kawo miki. Asabar da hantsi ina son a yi mini addu'ar tahiya. Ki dafa dambu, mai yawa. Ga shinkafa da mai can gida, ki aika a ɗauko."

"A gidan Inna za a yi?"

"A garka."

Maryama ta dakata da rariya. "A garka? Cikin rana?"

"Akwai zana. Baba a can ya fi zama, a can nake son a yi mishi addu'a shi ma."

"Allah ya jiƙan shi. To shi ke nan."

Daga nan Zahara'u ta bi gida-gida. Ta je wajen mai unguwa ta durƙusa ta gayyace shi. Ta je wajen liman. Ta je wajen duk wanda garkarsa ta haɗa iyaka da tata, har da tsohuwa Aminatu mai garkar yalo, wadda ba ta jin magana sai an ɗaga murya amma ba ta manta abin da idonta ya gani. Kowa ta gaya masa abu ɗaya: addu'ar tafiya, Asabar, a garka. Kawu ta bari a ƙarshe.

"Wannan tunani ya yi," in ji shi. "Sai a haɗa da dashen, a samu albarkar jama'a."

"Haka na gani, Kawu."

Inna ba ta tambaye ta komai ba. Ranar Juma'a dai, tana tsince shinkafa, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Na ga kin gayyaci Aminatu."

"Maƙwabciya ce."

"Hm," in ji Inna.

Ranar Asabar aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin zana. Maza suka zauna gefe, mata gefe. Liman ya yi addu'a ga mai tafiya, ya yi ga mahaifinta, aka shafa. Maryama ta fara zuba dambu a tire. Dashen yana jere a bakin ramuka, Sule yana tsaye kusa da su ya naɗe hannun riga.

Kafin a sa hannu a abinci Zahara'u ta matso gaban maza, ta durƙusa, ta fuskanci mai unguwa. Ta yi magana da ƙarfi yadda Aminatu ma za ta ji.

"Ranka ya daɗe, ina da godiya da nake son ka taya ni. Kun san zan yi tahiya. Na ba Sule aron garkar nan, ya noma ya ci, ba haya, har in dawo. Da Kawu ya ji, bai ce mini komai ba, ya tashi ya tahi Jiratawa da ƙafarshi, ya sayo mini dashen mangwaron nan. Wasu kawunnai turmin atamfa suke ba ɗiya in za ta tahi. Nawa ya ba ni abin da jikokina za su ci. Ni bakina bai isa ba. Ku taya ni gode mishi."

Wuri ya ɗauka. "Madalla!" "Allah ya saka, Malam Sama'ila." "Haka zumunci yake." Liman ya juya ya kama hannun Kawu da hannu biyu. Tsohuwa Aminatu ta tambayi ta kusa da ita me aka ce, aka faɗa mata a kunne, ta rangaɗa guɗa.

Kawu ya buɗe baki. Zahara'u tana durƙushe, kanta a ƙasa, tana jira. Abin da zai iya faɗa ɗaya ne, cewa ba ita ya sayo wa ba, ɗansa ya sayo wa, a gaban mai unguwa da liman da ƙanwarsa, bayan an gama yi masa godiya. Ya dubi Inna can cikin mata. Inna tana gyara lulluɓi.

"Ba komai," in ji Kawu. "Ɗiyata ce. Ba komai."

"To tunda jama'a na nan," in ji Zahara'u, "bari in sa su a ƙasa da hannuna, in samu albarkar idonku. Ku ci abinci, kada ku jira ni."

Ta ɗaure zane, ta tuɓe takalmi, ta ɗauki wuƙa. Ta tsaga ledar farko, ta tallabo dashen da ƙasarsa, ta ce bismilla, ta zaunar da shi a rami, ta tura ƙasa da tafin hannu, ta danne da dunduniya. Ta wuce na gaba.

Sule ya biyo ta. "Kawo in taya ki, kada ki suma a ce mun kashe injiniya."

"Riƙe bokiti. Aikin bawa ke nan."

Maza suka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Sule, yau an gama da kai." Sule ya yi dariya tare da su, ya ɗauki bokiti. Da ta kai tsakiyar jere ya sake miƙo hannu zai ɗauki wani dashe, kamar ba da niyya ba.

"Aje. Hannunka na da zafi, jiya na ga yadda tattasai ya yi da ka taɓa shi."

"Ƙarya kike, walla."

"Aje dai."

Ya aje.

Rana ta take. Dashen ya fi yadda ta zata yawa, kuma ƙasar da ta sha ruwa tana da nauyi. Bayanta ya riƙe, gwiwoyinta suka yi baƙi, wani tsinke ya yanke ta a yatsa ta tsotse ta ci gaba. Maryama ta kawo mata ruwa ta sha a tsaye. Jama'a suka gama cin dambu, ba wanda ya tashi, don ba a barin mai gayya tana aiki a watse. Suka zauna suna kallo, suna gardama a kan ko mangwaron Jiratawa ya kai na Gabi zaƙi. Abin da take so ke nan, su daɗe suna kallo.

Da ta danne na ƙarshe ta miƙe a hankali, hannu a ƙugu. Mai unguwa ya tashi ya bi jeren da sandarsa har ƙarshe ya dawo.

"Zahara'u ta dasa," in ji shi. "Allah shi raya."

"Amin," in ji jama'a.

Sule ya matso yana zuba ruwa a gindin na ƙarshen. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, murmushi bai bar fuskarsa ba.

"Kin yi aiki, baiwata. Sai dai dashen rani ba ya yafe ƙishi. Mako ɗaya in motopom ya lalace, sun tahi. In sun mutu kuma dole a sake wasu, ke kina Abijan."

"Haka ne," in ji ta.

Ta yi tunanin wannan tun ranar da ta ja igiya. Ta juya wajen mata, inda Maryama ke tattara tire.

"Maryama! Zo ki ji, a gaban mutane."

Maryama ta zo tana goge hannu.

"Itatuwan nan nawa ne, amma ni ban iya cin 'ya'yansu daga Abijan, kuma an hana ni karɓar kuɗinsu. Na ba ki. Duk abin da waɗannan da na dasa suka haifa, naki ne, ki ci ki sayar, ba ruwan Sule, ba ruwan kowa. Ko na dawo, rabi naki ne muddin suna raye. Wanda ya mutu kuwa, a bar ramin haka nan sai na zo."

Maryama ta juya ta bi jeren da ido daga wannan ƙarshe zuwa wancan, leɓunanta suna motsi. Ba ta yi guɗa ba. Ta durƙusa ta yi godiya gajeriya, ta miƙe ta fuskanci mijinta.

"Ka ji ko? Ruwa safe da marece."

"Ke kuma daga ba ki abu sai ki fara mulki?"

"Safe da marece, Baban Sakina. Ran da motopom ya ƙi tashi, da guga za ka ja. In ganye ɗaya ya yi ja, a tasha za ka ci tuwo."

"Kun gani?" in ji Sule ga maza, ya ɗaga bokiti sama. "Bayi biyu sun haɗe mini kai." Aka yi dariya, shi ma ya yi, amma wannan karon ta gajarta. Ya tsaya yana kallon ramukan da ya haƙa da hannunsa. Sai ya ɗaga kafaɗa, ya nufi rijiya.

Jama'a suka fara sallama. Inna ta wuce ta gaban Zahara'u da ƙullin sauran dambu, ta dubi ƙafafunta.

"Ki wanke kafin ki shigo mini gida," in ji ta, ta yi gaba.

Kawu ne ya rage. Yana tsaye a bakin shinge, hannuwansa a baya, yana duban dashen. Zahara'u ta je ta durƙusa nesa kaɗan da shi. Ya bi jeren da ido har ƙarshe.

"Tazarar ta yi," in ji shi daga baya. "Da Sule ne da ya cushe su."

"Ya iya haƙa, Kawu. Awo ne bai saba ba."

"Yaushe ne tashin?"

"Farkon mako. Daga Maradi zan shiga kar, babbar motar nan."

"Suna ba da hutu a wajen?"

"Sau ɗaya a shekara."

Ya nuna gefen da ke kusa da garkar Aminatu da haɓa. "Can akwai wuri. Na ga lemun tsami mai kyau a Jiratawa, da gwaba. Ƙasar nan za ta karɓe su." Ya juyo ya dube ta. "In kin zo hutu sai ki sa."

"To, Kawu."

"Tashi ki tahi, rana ta yi."

Can bakin rijiya Sule ya ja igiyar motopom, injin ya yi tari ya mutu. Maryama tana tsaye a kansa. Ya sake ja.